Mashigin da Ya Zama Abin Kallo

Da na isa masaukin, na yi alwala na rama sallolin da hanya ta ci, sannan na kira Inna. Ta tambayi hanya, ta tambayi sanyi, ta tambayi ko na sami abin da zan iya ci. Daga nan ta ce, "To, yanzu kana ina?"

Na matsa jikin taga. Ruwa ne kwance a gabana, kore mai duhu, ko motsi ba ya yi. Dama da hagunsa duwatsu sun miƙe kamar katangun soron da ba a yi wa rufi ba, kawunansu fari fat da dusar ƙanƙara alhali ana tsakiyar watan Yuni. Na ce mata ina bakin ruwa.

"Kogi ne?"

"A'a, Inna, ba ya gudu."

"Tafki ke nan."

"Ruwan gishiri ne. Teku ne ya shigo."

"Teku a tsakiyar duwatsu? Ikon Allah." Ta ɗan yi shiru. "To, a huta gajiya."

Kwana uku na yi a wannan ƙauye na yammacin Norway, cikin wani tsohon otal na katako da ke ƙarshen ruwan, kuma har na bar wurin wannan gajeriyar hira ba ta bar ni ba. Abu biyu ta bar mini. Na farko sunan ruwan, wanda na nema a bakina na rasa. Na biyu addu'ar da ta rufe da ita.

Mutanen wurin suna rubuta sunan fjord, su furta shi kamar "fiyor". Abin da yake nufi a ƙasa shi ne kwari mai zurfi da ƙanƙara ta haƙa, teku ya biyo baya ya cika. A zamanin da sanyi ya lulluɓe arewacin duniya, tulin ƙanƙara mai kaurin gaske ya kwanta a kan ƙasar, yana zamewa a hankali ta cikin tsofaffin kwaruruwan koguna, da tsakuwa da manyan duwatsu maƙale a ƙarƙashinsa. Aikin dutsen niƙa ya riƙa yi, sai dai a nan dutsen ne ake niƙawa. Da ƙanƙarar ta narke, kimanin shekara dubu goma da suka wuce, sai aka tarar ta rarake ƙasa har ƙasa da matakin teku, ruwan gishiri kuwa ya sami hanya. Mafi tsawo a Norway, Sognefjord, ya kutsa cikin ƙasa kilomita 205, wato ya fi nisan Kano zuwa Katsina, zurfinsa a wani wurin ya haura mita 1,300. Wani reshensa, Nærøyfjord, ya tsuke har faɗinsa bai wuce mita 250 ba a wani gurbin. Shi da Geirangerfjord ne hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2005.

Hausa ba ta ga wannan ba, saboda haka ba ta raɗa masa suna ba, kuma babu abin kunya a ciki. Harshe yana sanya suna ne ga abin da ya taka. Mu da muke da rafi da ƙorama da gulbi da kogi, da tafki da kududdufi da fadama, mun san ruwa ta fuskar damina da rani. Ko dusar ƙanƙara ma, duba yadda muka same ta: mun ɗauki ƙanƙarar da ke faɗowa da ruwan farko tana fasa ganyen dawa, muka haɗa ta da dusar da ke tashi daga faifai in ana sheƙa. A bakin turmi aka ƙera wa Turai sunan sanyinta, kuma sunan ya zauna daram.

Da na bi asalin kalmar tasu sai na tarar da abin da ban zata ba. A tsohon harshen mutanen arewacin Turai, tushenta ɗaya ne da kalmar tafiya da ta ƙetarewa. Daga wannan saiwa ce suka sami ferd, wato tafiya, da ferje, wato jirgin fito. Ashe wanda ya fara kiran ruwan nan da suna bai tsaya yana yaba kyansa ba. Hanya ya gani. Ƙasa ce da duwatsu suka datse ta ko'ina, mutum ba ya iya zuwa ƙauyen da ke bayan tsauni sai ya sha wuya, amma in ya tura kwalekwale sai ruwa ya kai shi coci, ya kai shi kasuwa, ya kai shi gidan surukai, ya kai gawarsa maƙabarta. To, ai muna da wannan kalmar. Mashigi. Wurin da ake shiga ruwa a ƙetare, inda masu fito suke jiran fasinja, inda Fulani suke kora shanu su haye. Gidajen rediyo ma sun riga sun ja ta zuwa teku, kullum muna jin mashigin Hormuz da mashigin tekun Gini. Kuma tana da baki biyu: mutum yana shiga ruwa, ruwa yana shiga ƙasa. Da na tuna da ita a kan lokaci, da na ce wa Inna ina bakin mashigi, kuma da ta gane ni fiye da yadda duk bayanin ƙanƙara zai sa ta gane.

Amma ba mashigi aka kawo mu mu gani ba. Takardun tallan irin waɗannan otal-otal kalma guda suke ta nanatawa, luksus a harshensu, daga luxus ta Latin, mai nufin abin da ya wuce buƙata. Mu muna cewa alatu. Kalmar Larabci ce, ālāt, kuma a can gidansu ma'anarta kayan aiki: abin da maƙeri ko masassaƙi yake riƙewa a hannu. A hanyarta ta zuwa ƙasar Hausa ta ajiye aikin, ta riƙe kayan. Kayan alatu a wurinmu su ne abin da ake jerawa don ido, abin da in babu shi ba a kwana da yunwa.

Tun ina makaranta na san wannan, amma sai a zauren wannan otal na gan shi da idona. A bango an rataye lauje mai doguwar ƙota, ƙarfensa ya side saboda wasawa. A kusurwa ga turmin katako mai murfi da ake kaɗa nono a ciki a fid da man shanu. Kusa da murhu ga wani akwatin katako da aka yi wa zanen furanni, da sunan mace da shekara a rubuce a gabansa, irin wanda amarya take tafiya da shi gidan miji, ɗan'uwan adudun kakanninmu. Kowanne an goge shi, an haska masa fitila. Kayan aiki ne da suka bi hanyar da kalmarmu ta bi. Har abincin safe haka yake. Cukun nan nasu mai ruwan ƙasa, brunost, da ake yanka mana siriri kamar takarda, asalinsa ruwan da ke saura ne bayan an cire cuku, wanda matan ƙauye suke dafawa awa da awanni har ya kafe ya yi zaƙi, don kada ko ɗigo ya tafi a banza. Kifin da aka busar, naman da aka sa wa gishiri aka rataye, duk dabarun wanda yake tsoron hunturu ne.

Tarihin otal-otal ɗin bai da tsawo sosai. A ƙarni na 19 attajiran Ingila suka fara zuwa kamun kifin salmon a kogunan yankin, har mutanen gari suka raɗa musu suna lakselord, wato manyan mutanen kifi. Bayansu masu hawan dutse suka zo, sai jiragen ruwa masu tururi ɗauke da 'yan yawon buɗe ido. A 1877 iyalin Kvikne suka karɓi wani masauki a Balestrand, a bakin Sognefjord, wanda har yau yake hannun zuri'arsu. A 1891 aka buɗe Hotel Union a ƙauyen Øye, inda ɗakuna suke ɗauke da sunayen manyan da suka taɓa kwana a ciki. Sarkin Jamus Wilhelm na II kusan kowace bazara sai ya zo da jirginsa Hohenzollern, tun daga 1889. Yana Balestrand a watan Yulin 1914 labarin rikicin da ya zama Yaƙin Duniya na Ɗaya ya iske shi, ya ɗaga anga ya koma gida, bai sake dawowa ba.

A kan wannan tarihi ne na daɗe ina tsaye. Shekarun da ake kafa waɗannan gidajen baƙi su ne shekarun da 'yan gari suke ficewa. Daga 1825, lokacin da wani ƙaramin jirgi mai suna Restauration ya tashi daga Stavanger da mutum 52, zuwa shekara ɗari bayan haka, kimanin mutum 800,000 suka bar Norway zuwa Amurka ta Arewa. In aka auna da yawan jama'a, Ireland kaɗai ta fi ta asarar mutane a Turai. Guguwar ta fi ƙarfi a shekarun 1880. Mashigi ɗaya, jirage biyu: wannan yana shigowa da masu kuɗin da suka zo kallon dutse, wancan yana fita da waɗanda dutsen ya hana gona. Suka nufi Wisconsin da Minnesota da Dakota, inda ƙasa take shimfiɗe kamar tabarma. Mu muna da ci-rani, amma ɗan ci-rani da ya ji ƙamshin ruwan farko sai ya ɗaure kayansa ya nufi gida. Yawancin waɗannan sun ci raninsu har ƙarshen rai.

A rana ta biyu na shiga jirgin da ke zagaya Geirangerfjord. Kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar ruwan da ke tsirgowa daga kan dutse gida bakwai, wanda suke kira 'Yan'uwa Mata Bakwai, da wani guda a ɗaya gefen da suke kira Manemin Aure. Ni kuwa idona ya maƙale a kan wani ɗan koren fili can sama, kamar an liƙa tabarma a jikin bango, da ƙananan ɗakuna masu rufin ciyawa. Skageflå ke nan, gona ce, mita 250 a saman ruwa. Mutane sun zauna a nan, sun haihu, sun yi kiwon awaki. Ana ba da labarin cewa igiya ake ɗaura wa yara a ƙugu in suna wasa, kada su gangara. Ana kuma cewa akwai wurin da sai da tsani ake hawa, in an hango mai karɓar haraji sai a janye tsanin. Ciyawar da dabbobi za su ci a watannin da ƙanƙara ta rufe ƙasa, a gefen rami ake yanko ta, damin da aka ɗaure a zuro shi ta kan waya daga tsauni. An bar Skageflå a 1916. Ta tsallaken ruwa, Knivsflå, tun 1898 aka tashi daga cikinta don tsoron dutsen da ke rataye a kanta. A 1993 Sarki Harald da Sarauniya Sonja suka kawo sarakunan Turai wannan tudu, suna bikin cika shekara 25 da aure.

Kufai. Wannan kalma ba sai na nema ba, da kanta ta zo. Duk wanda ya taɓa ratsa wurin da gari ya tashi, ya ga kukoki tsaye babu gida, ga marina ta cike da ƙasa, ga fasassun tukwane, ya san irin shirun da ke wurin. Su ma suna da tasu, ødegård, gonar da ta zama kango. Ta yaɗu ne bayan annobar da ta shigo ta Bergen a 1349 ta kashe wajen rabin mutanen ƙasar, gonaki suka zauna babu mai nomawa. Da aka dawo aka sake zama a cikinsu, sunan ya bi mazauna. Yaran da suke kallon ƙwallo a gidajen kallo na Kano da Maraɗi suna kiran Ødegaard na Arsenal, suna kiran kufai ne da harshen wasu.

Shiru shi ne babban abin da ake sayarwa a nan. Ba ƙarya suke yi ba, akwai shi, kuma ban taɓa jin irinsa ba: shirun da har kana jin ɗigar ruwa daga bakin rufi da ƙararrawar wuyan tunkiya daga tsallaken kwari. A Valldal akwai wani otal na zamani, Juvet, wanda sunansa yake nufin kwazazzabo. An gina ɗakunansa ɗai-ɗai cikin itatuwa, ciki an yi shi da duhu, bango guda kuma gilashi ne tun daga ƙasa har sama, kowane ɗaki yana fuskantar inda ba zai ga ɗan'uwansa ba. Dabara ce mai kyau, kuma ta faɗi gaskiyar cinikin. Taga kake biya, da alkawarin cewa babu mutum a cikinta. Sai dai Hausawa sun ce shiru ma magana ce. Wannan shirun yana da masu shi. Kukan jariran da aka haifa a Minnesota ne babu a cikinsa, da sarar gatarin da aka daina, da kiran awaki da yamma. Wani ɓangarensa kuma na waɗanda dutse ya binne ne. A daren 7 ga Afrilu 1934 wani ɓangaren tsauni ya ɓalle ya faɗa cikin Tafjord, igiyar ruwan da ta tashi ta share gidaje ta ci rai 40. Yau ma akwai wani tsauni, Åkerneset, da ya tsage yana motsi a hankali, an kafa masa na'urori suna gadinsa dare da rana, ƙauyukan da ke ƙasa kuma suna da jiniyar gargaɗi. Baƙo yana ganin dutse a tsaye. Ɗan gari ya san tafiya yake yi.

Ban faɗi wannan don in ɓata wa kowa hutunsa ba. Ina ganin otal ɗin da ya sa ƙauye bai zama kufai ba ya yi aikin alheri. Manomin da ke kawo madara da naman rago yana da kasuwa a ƙofar gida, makarantar firamare tana samun yara, tsohon gini yana samun mai gyara shi. Da yawa daga cikin masu gyaran gado da masu kai abinci matasa ne daga wasu ƙasashen Turai, sun zo cin bazara kamar yadda namu suke cin rani, su koma in sanyi ya kawo kai. Ƙasar da ta kori 'ya'yanta saboda yunwa yanzu ita ake zuwa nema, musamman tun da aka gano man fetur a Ekofisk a 1969. Abin da nake ƙi shi ne a shafe mutane daga cikin hoton, a ce wa baƙo ƙasa ce da hannu bai taɓa ba, alhali kowane ɗan fili mai laushi da ya gani, wani ne ya tsince duwatsunsa ɗaya bayan ɗaya ya jera su katanga. Muna cewa yawon buɗe ido. Idon da ya ga ruwa bakwai suna zuba bai ga gonar da ke gefensu ba, rabinsa kawai ya buɗe.

Akwai wani abu nasu da ya burge ni ƙwarai. Dutsen da ruwan ba na otal ba ne. Wata tsohuwar al'ada, allemannsretten, haƙƙin kowa da kowa, wadda aka mayar doka a 1957, ta ba kowane mutum damar ratsa dajin da ba a noma ba ko na wane ne, ya tsinki 'ya'yan itace, ya kafa tanti ya kwana har dare biyu muddin ya ba gidan mutane tazarar mita 150. Da safe na kan hango wasu matasa biyu da suka kafa ɗan tantinsu a bakin ruwa, suna dafa shayi a kan ƙaramin risho. Ganin da nake yi ta gilashi shi suke yi, har da iska a fuska.

Sai addu'ar Inna. Su suna kiran hutu ferie, daga ranakun idi na Rumawa, ranakun da ake ajiye aiki don ibada. Namu hutun ba daga kalanda ya fito ba, daga jiki ya fito. Muna huta gajiya, wato gajiya ce abin da hutu yake ci, in babu ita ba shi da tuwo. Shi ya sa muke gaisawa da "ina gajiya", mu amsa da "ba gajiya" ko da ƙafa ta kumbura, kuma shi ya sa in aka ce wa yaro ɗan hutu ba yabo ba ne. A teburin cin abincin dare na dubi fuskokin da ke kewaye da ni: wani likita da matarsa, wasu tsofaffi biyu da ke riƙe da hannun juna, wata mata ita kaɗai da littafi. Ba zan ce ba su gaji ba. Akwai gajiyar da ba ta fitar da gumi, ta waya da ba ta daina ƙara, ta birnin da ba ya barci, ta shekaru ana kula da mara lafiya. Ita ma gajiya ce, tana da haƙƙin a huta ta. Amma a ɗakin akwai wata tsohuwar gajiya da ta riga tamu zuwa, tana rataye a bango tare da laujen, kuma na ji a raina cewa addu'ar ta fi dacewa da mai laujen. Kafin in kwanta na yi masa ita, duk da ban san sunansa ba.

Kwanciyar ma sai da na yi shawara da agogo. A wannan yanki, a watan Yuni, rana ba ta faɗuwa sai bayan sha ɗaya na dare, kafin huɗu kuma ta fito, tsakaninsu babu duhu, sai wani haske mai launin toka kamar na bayan magariba da ya ƙi ƙarewa. Shafaƙi bai ɓace ba alfijir ya keto. Kalmomin da na tashi da su, almuru, isha, tsakar dare, asuba, suka cure wuri ɗaya. Wata dattijuwa da ke kula da teburin karɓar baƙi ta ce mini in dawo a watan Disamba in ga ramuwar: akwai gidajen da ke gindin tsauni da rana ba ta leƙa su wata da watanni.

Ranar tafiya motar da ta ɗauke mu ta gangara bakin ruwa ta tsaya a layi, bayan wata tankar madara da wata tarakta. Jirgin fito ya iso, ya buɗe baki, muka shiga. Na fito na hau sama na jingina da ƙarfe, don in yi wa duwatsun kallon ƙarshe. Ban da ni da wasu baƙi uku babu kowa a wajen. Da sanyi ya ishe ni na shiga ciki, sai na tarar da 'yan gari zaune a kan bencina, kowa da kofin gahawa da svele, wata waina mai faɗi da ake naɗewa da man shanu da sukari, wadda aka san jiragen fiton yankin da ita. Direban tankar yana duba wayarsa. Wata yarinya da jakar makaranta ta baje littafin lissafi a kan tebur tana cizon fensir, ta juya wa taga baya. Minti goma sha biyar ne fiton. Da jirgin ya fara rage gudu ta rufe littafin, ta zuge jakar, ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa tun kafin a sauke gadar.